Kitson da Zenabu Ta Yi wa Memuna

Jiya kun zo mini da rigunanku iri ɗaya da manyan hotuna a nannaɗe, kuka ce an ba ku aikin shiga gidajen unguwannin Nima da Mamobi, ku gaya wa iyaye su riƙa yi wa 'ya'yansu maganar balaga da abin da ke tsakanin namiji da mace, saboda muguwar cutar nan mara magani da ta shigo gari, wadda ake ɗauka wurin kwanciya. Mai tabarau ɗin nan ta cikinku har cewa ta yi, "Mma Ladi, ai ba wani abu ba ne kuraa, ko kaɗan. Uwa ta zaunar da 'yarta, ta dube ta ido cikin ido, ta gaya mata gaskiya." Na yi dariya, kuka ɗauka ruɗin tsufa ne. To ku gyara zama. A cikin aikin nan da kuke rainawa na yi furfura, kuma har yau ban ce na iya shi ba.

Ni alwanka ce. Wanda bai tashi a zongo, unguwar baƙi irinmu, ba sai an yi masa bayani. Alwanka ita ce matar da ake danƙa wa amarya a kwanakin biki, ta sa ta a lalle, ta gyara mata jiki, ta yi mata wankan aure, sannan ta gaya mata abin da za ta tarar a ɗakin miji. 'Yan biki lalle suke gani da guɗa. Mu da muke ciki mun san maganar ce aikin, don uwa ba ta yin ta, kunya ba ta bari, sai ta tara ta shekara da shekaru ta miƙa wa alwanka rana ɗaya.

A wurin Gwaggo Asabe na koya, a Sabon Zongo, farkon shekarun saba'in. Yayar mahaifina ce, iyayensu daga Katsina suka zo fataucin goro, Hausarta tas, kuma bakinta ba ya raga wa kowa. Kayan aikinta ba su cika kwando ba: ƙwarya, soson raga, sabulun salo, garin lalle da lemon tsami, kaskon turaren wuta, matsefin katako, da man kaɗanya a gwangwani. Turmin da ake kifawa amarya ta zauna a kai kuwa na gidan biki ake ara. Na daɗe ina ɗaukar kwandon nan a ka, muna shiga motar haya ta tirotiro daga wannan unguwa zuwa waccan, ban taɓa jikin amarya ba. Nawa shi ne dafa ruwa, kwaɓa lalle, da tsare ƙofar banɗaki kada ƙawaye su leƙa. In lallen ya yi ruwa sai ta dangwala ta shafa mini a goshi, in yini da shi kowa yana tambayata me ya same ni.

Amaryar farko da ta bar mini 'yar wani mahauci ce. Na kifa turmi, na zaunar da ita, na zuba ruwa, komai daidai. Da aka zo wurin magana sai na zagayo gabanta na tsuguna, na kama hannuwanta na dube ta, irin yadda kuka ce jiya. Yarinya ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji. Abin da ya iya fita daga bakina shi ne, "Ki yi haƙuri, ki yi biyayya," sai ka ce liman a wurin ɗaurin aure. Gwaggo tana bakin ƙofa tana cin goro. Ta fizgo ni ta zani ta ce, "Ke wa ya gaya miki ana faɗar wannan magana a fuska? Koma bayanta ki kama soso."

Na koma. Ita ma ta tsaya a baya, ta karɓi ƙwarya tana zuba ruwa a hankali, ta fara magana ƙasa-ƙasa kamar da bango take yi, ni ina cuɗa ina saurare. Ba ta ɓoye komai ba. Ta faɗi jini da lokacinsa, ta faɗi yadda ciki ke shiga, ta faɗi ciwon da mace ke ɗauka wurin namiji da alamunsa, kowane abu da sunansa. Sai na ji kafaɗun yarinyar sun saki a ƙarƙashin hannuna. Can sai ga tambaya ta fito daga bakinta, fuskarta na kallon bango. A hanyarmu ta komawa Gwaggo ta ce mini, "Hannu ya kasance yana aiki, ido yana wani wuri. Kuma ki fara da naki tsoron kafin ki tambayi nata." Iyakar abin da ta koya mini da baki ke nan, saura a hanya na tsinta.

A zamanin Gwaggo tsarin yana tafiya, don tsakanin balagar yarinya da wankanta babu nisa. Ni kuwa na fara cin gashin kaina ne daidai lokacin da 'yan matan zongo suka cika sukul, wato makarantar boko. Yarinya ta ga jini tana firamare, aure kuwa sai ta gama makarantar midil, ta koyi ɗinki ko ta yi talla wasu shekaru. Duk tsawon wannan lokaci uwa ta kulle baki tana jiran alwanka. Sai na riƙa wanke amaren da suka riga suka ji komai wurin ƙawaye da gidan silima, rabi gaskiya rabi shirme. Wasu kuma da na ɗora hannu a mararsu sai in ji abin da ba a gaya wa dangin ango ba. In yi shiru in gama wankana in ɗauki kwandona.

Shi ya sa na ƙara wa kaina aikin da ba shi da suna: bin uwaye gida ina koya musu su yi maganar da bakinsu tun da wuri. Wanka ba zai yiwu ba, budurwa ba ta yarda uwa ta yi mata wanka. Na nemi abin da ya yi kama da shi, na samu kitso. Uwa a kan kujera, 'ya a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, fuska na kallon gaba, hannu na aiki, kuma ba mai tashi sai an gama. Har wurin Baba Seidu wanzami na je na roƙe shi, shi ma ya riƙa yi wa samari tasu maganar yana aske musu ƙeya, uban yaro na zaune a benci yana jefa baki in ya samu ƙarfin hali.

Uwar farko da ta gwada mini wata mai sayar da koko da ƙosai ce a Mamobi, mace mai murya kamar lasifikar masallaci. Ta kama kan 'yarta ta fara da kyau, can sai abin ya juye ya zama faɗa. Kowace tsaga da zagi, kowane ja da gargaɗi: in kin kawo mini ciki sai na karya ki, in na gan ki da ɗan gidan wane sai na aske kan nan. Yarinya ta tashi da kitso mai kyau da kunne a toshe. Na ce wa uwar, "Wannan ai ba magana kika yi ba, ƙofa kika rufe." Muka sake daga farko bayan mako, na sa ta ta fara da labarin kanta, ta ba da shi tana dariya tana rantsuwa, har 'yar ta sa baki.

Kada ku ɗauka an yi mini tafi. Wani Alhaji ya kore ni da sandar lema, wai zan buɗe wa 'yarsa ido. Akwai gidajen da suka daina kirana biki. Kuma ƙa'idar sana'armu ce, alwanka ba ta zaunar da budurwar da ba a sa wa rana ba sai da yardar uwarta. In kin yi, sunanki ya ɓaci, ba mai ƙara ba ki 'yarsa. Ban da haka ma, ni baƙuwa ce, yau ina nan gobe ina wani gida. Yarinyar da ta shiga uku wurin gudu take nema, kuma ba ta iya tunkarar uwar da ba ta taɓa buɗe mata baki ba.

Zenabu mai wake da shinkafa ce ta fi tsaya mini a rai. Rumfarta na kusa da babban kwatamin Nima, mace mai tsabta, mai fara'a da masu saye, mijinta gadi yake yi a cikin gari. Iyayenta Zabarmawa ne amma a Nima aka haife ta. 'Ya'ya biyu suka rayu mata, Memuna da Fati. Memuna ce 'yar fari, kuma Zenabu ta riƙe kunyar 'yar fari yadda ta gada: ba ta kiran sunanta, ba ta dubanta a gaban mutane, ba ta yi mata magana kai tsaye in da wanda za a aika. Memuna na zaune a gabanta za ta ce, da Hausar nan tamu ta zongo da ba ta raba mace da namiji, "Fati, gaya ma yayanki ya zo ya ci abinci." Kada ku ce ba ta son ta. Ƙanzon tukunya mafi daɗi Memuna take ajiye wa, kuma tun yarinyar na goye ta fara tara mata kwanukan aure a ƙarƙashin gado. Na taɓa kama ta tsaye a bayan rumfa tana bin Memuna da kallo har ta sha kwana da kayan sukul, da ta ga na gan ta sai ta hau goge tukunyar da ta riga ta goge.

Ranar da Memuna ta fara ganin jini, bayan ɗakin wata maƙwabciya ta je ta ɓuya tana kuka, ta ɗauka wani abu ne ya tsage a cikinta. Matar ta kawo mini ita. Na nuna mata yadda ake naɗe ƙyalle da yadda ake wankan tsarki, iyakar abin da nake da izini ke nan, sannan na wuce rumfar uwarta.

Na ce, "Zenabu, 'yarki ta girma. Sauran maganar taki ce."

Ta ci gaba da zuba wake a ganye. Ta ce, "Ei, Mma Ladi. Wannan ba aikinki ba ne? Ranan da ya samu miji zan kira ki, ki gaya mishi duka."

"Ranar da nisa. Sukul take yi."

"Yoo, na ji."

Daga baya na samu labarin abin da ta yi. Fati ta aika, ta ce, "Gaya ma yayanki ya yi hankali da maza." Wannan "ki yi hankali" ta cinye mana yara da yawa a zongo. Hankali da me? Ta ina abin yake zuwa, da wace fuska? Kamar ka ce wa baƙo ne ya kula da kwatamin Nima, ba ka nuna masa inda yake ba.

Sai shekarar tamanin da uku ta zo. Ku ba ku san ta ba, ku tambayi iyayenku. Ruwa bai sauka ba, wuta ta cinye gonaki, ga 'yan'uwanmu da aka koro daga Najeriya sun cika ɗakuna. A kasuwar Malam Atta tebura suka zama wayam. Mutane na bin layin dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, tun ƙullin yana ɗanye a ganyensa, kowa ya karɓi nasa ya kai gida ya dafa, don in ka jira ya dahu ba ka samu. Ƙashin wuyan kowa ya fito. Sana'ata ta kusa tsayawa, biki sai jefi-jefi, na wanke amare da ruwan da bai cika bokiti ba, da yankan sabulun da bai kai ɗan yatsa ba. Rumfar Zenabu ta rufe, ba shinkafa, ba wake.

Memuna na da shekara sha shida lokacin, tana ajin ƙarshe na midil a unguwar Kokomlemle. Ita ake turawa layi. Sai ta fara dawowa da abin da ba a samu a layi: yau gwangwanin madara, gobe burodi, wata rana sukari a ƙulle a takarda. Akwai wani magidanci a kan hanyar sukul ɗinsu mai ɓoye kaya yana sayarwa ta bayan shago, da rediyonsa mai kaset kullum a kunne. Unguwa ta sani. Zenabu ba ta tambaya ba. Fati na kwance ba lafiya, madarar ce ke riƙe da ita. Kuma in ta tambaya, dole ta shiga maganar da take gudu.

A wani ɗan biki a Mamobi, ina bayan amarya ina cuɗa ta, ƙawaye na bayan zanin da aka tare ƙofa da shi suna ta surutu. Sai na ji wata murya ta matso jikin zanin, ƙasa-ƙasa.

"Mma Ladi, wai gaskiya ne in mutum ya sha ruwan gishiri daga baya, ciki ba ya zama? Ƙawata ne ya ce in tambaya."

Na gane muryar. Na ɗaga tawa yadda duk za su ji na ce, "Ƙarya ne. Ba ruwan gishiri, ba tsalle, ba wanka. Sau ɗaya ma ya isa. Ki gaya wa ƙawarki ta je wurin uwarta yau ɗin nan." Ƙawayen suka fashe da dariya. Da na fito na tare ta a lungu, na kama hannunta na ce, "Memuna, ke ce?" Ta ce, "Ei, Mma Ladi, ni? Ƙawata ne fa." Ta zare hannunta ta bi ƙawayenta da gudu.

Washegari da hantsi na je gidan Zenabu da matsefi da gwangwanin man kaɗanya. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya. Na same ta a ɗaki, Fati na barci, ban yi kwana-kwana ba.

Na ce, "Madarar nan ba kyauta ba ce, kin sani, na sani. Yarinyar nan tana cikin tsoro. Ban ce ki dube ta ba. Kitso kawai za ki yi mata."

Ta ce, "Ni ban kama kanshi ba tun da aka yaye shi. Maƙwabta ke yi mishi."

"Yau za ki kama."

Ta daɗe tana murza bakin zaninta. Sannan ta ce, "Me zan ce?"

Na biya mata kamar yadda ake biya wa yaro karatu. Ki fara da ranar da kika ga naki jinin, da inda kika ɓuya. Daga nan ki faɗi yadda ciki ke shiga, da sunansa, ba da habaici ba. Ki faɗi abin da kyautar namiji ke nema. Na ƙarshe shi ne babba, in kin manta komai kada ki manta shi: ki ce mata ko me ya faru, ko ya riga ya faru, ta zo wurinki, ba za ki kore ta ba. Zenabu ta maimaita, ta yi tuntuɓe, ta sake, har ya zauna mata. Wallahi ta haddace shi tsaf.

Memuna ta dawo daga layi bayan azahar. Zenabu ta ɗauki kujera ta ajiye a inuwar bango, ta dubi ƙasa ta ce, "Ke, zo in gyara kanki." Yarinyar ta waiga ta ga ko da Fati ake. Da ta gane da ita ake, ta ajiye kwanon hannunta, ta zo ta zauna tsakanin gwiwoyin uwarta a hankali. Ni na koma gefe na jawo tire ina tsince tsakuwa daga jar masarar agaji, ina satar kallonsu.

Zenabu ta tsefe kan, ta shafa mai, ta tsaga, ta fara. Kitson na fita da kyau, ƙanana zuwa baya. Ina jin ta tana jan numfashi kamar za ta fara, sai ta sauke shi. Ta yi gyaran murya ta ce, "Kanki da datti." Memuna ta ce, "Ba ruwa, Mma." Na buga tire a ƙasa don ta tuna ina nan. Ta gama gefe ɗaya, ta juya kan yarinyar ta kama ɗayan. Inuwa ta matsa ta bar su a rana, ba wadda ta motsa. Na tsince masarar nan har ba sauran abin tsincewa, na sake bi daga farko.

Ta ƙarasa jelar ƙarshe. Ta ɗora tafin hannunta a kan kitson, ya ɗan jima a wurin. Sannan ta ce, "Tashi, an gama."

Memuna ba ta tashi ba. Tana kallon gabanta ta ce, "Mma."

"Mene?"

Na ce a raina yanzu za ta fito. Sai ga matar ɗakin kusa ta shigo da bokiti, ta tsaya ta tafa hannu. "Ei! Zenabu na yi ma 'yan fari kitso! Yau dai za a yi ruwa a Nima!" Ba da mugunta ta faɗa ba, wasa ne irin na gidan haya. Zenabu ta janye hannunta kamar ta taɓa garwashi. Memuna ta ce, "Babu komai," ta tashi ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki.

Zenabu ta raka ni ƙofa tana goge ido da gefen mayafi. Ta nuna maƙogwaronta ta ce, "Ya zo nan, ya tsaya. Mma Ladi, ki ba ni lokaci kaɗan. In wannan kitso ya tsufa zan sake mishi, wallahi rannan zan faɗa." Na ce gobe. Ta ce mutanen gida za su ce me in suka ga tana tsefe sabon kitso? Na yi ta komawa, in tarar ta tafi Malam Atta neman abin dafawa, ko Memuna na layi. Raina ya ɓaci da ita ƙwarai, kuma tausayinta ya hana ni zaginta.

Kitson bai tsufa ba. Wata safiya ina shara sai ga matar nan mai bokiti ta faɗo gidana ba mayafi. Ashe Memuna ta sha wani haɗi da ƙawaye suka dama mata a kwalba don watan da ya ɓace ya dawo. Ta yi kwanaki tana zubar da jini a ɓoye, tana wanke ƙyallayen da kanta, tana cewa al'ada ce. Da ta faɗi a tsakar gida aka fita neman mota, ga man fetur babu, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Mai shagon nan ya kulle ya bar unguwar, ba a sake ganinsa ba.

A zongonmu hannun da ke wanke amarya sau da yawa shi ake kira ya wanke gawar mace. Ban taɓa son wannan ɓangaren ba, amma ba a ƙi. Aka tare banɗakin gidan da zannuwa, aka shimfiɗa tabarma a kan katako. Mata suka harhaɗo ruwa daga ɗaki ɗaki, kowa ɗan abin da ta rage. Sabulu ya gagara. Ina cikin shawarar yi haka nan sai ga Zenabu ta ɗaga zani ta shigo. Ba a saba uwa ta shiga ba, balle uwar 'yar fari. Tsofaffi suka yi ta kiranta, ba ta juya ba. Ta miƙo mini sabulu mai ƙamshi, sabo a takardarsa, daga cikin kwanukan nan na ƙarƙashin gado. Ta ce, "Na ajiye ma ranan da za ki wanke shi." Na karɓa.

Na yi wankan yadda aka koya mini, a rufe, dama kafin hagu. Kan kuwa na ɗauke da kitson nan, ƙanana zuwa baya, ko tashi bai fara yi ba. Dole a tsefe shi a wanke, sannan a kama gashin gida uku a kwantar ta baya, haka ake yi wa mace. Na tsefe, na wanke. Na ɗauko matsefi zan raba, Zenabu ta riƙe mini hannu.

"Bari ni."

Ta zagaya ta zauna a ƙasa cikin jiƙar, ta wajen kai. Ta shafa gashin. Sai ta ce, "Memuna."

Ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta.

"Memuna, ni ma ranan da na ga nawa na ji tsoro paa. Na gudu na shiga bayan buhun gawayi, na zauna har yamma, na ce mutuwa zan yi. Ba wanda ya gaya mini." Ta raba gashin ta fara kama na farko. Ta faɗi yadda ciki ke shiga, kowane abu da sunansa, yadda na biya mata, ba ta tsallake ko kalma ba. Ta kama na biyu ta ce, "In namiji ya ba ki abu, ba banza ya ba ki ba. Madaran nan na gani. Na sani. Na sha, Fati ya sha, ban tambaye ki ba." Ta kama na uku. "Memuna, ko me ya faru, ko ya riga ya faru, zo wurina. Zan yi faɗa, zan yi kuka, amma ba zan kore ki ba. Ko me kin ɗauko, kawo gida, za mu goya. Kin ji?"

Ta jira. Wallahi ta jira, tafin hannunta a kan kitson. Ni da na wanke gawa ba adadi, na juya na dubi bango na yi kuka. Maza na waje suna cewa a yi sauri, rana na yi.

Bayan sadakar arba'in ta zo gidana da Fati da matsefi, ta ce in zauna a gefe da tire kamar rannan, in rufe ƙofa. Wannan karon maganar ta fita, da tuntuɓe da hawaye, amma ta fita. Shekaru bayan haka ni na yi wa Fati wankan aure, ban samu sabon abin gaya mata ba. Ba zan ce muku wannan ya biya wancan ba. Da abinci ya dawo gari Zenabu ta buɗe rumfarta, wake na nan da daɗinsa, amma fara'ar ba ta dawo ba.

To ku da hotunanku, ku je, ban hana ku ba, cutar gaskiya ce. Amma ku tafi da matsefi. Ku nemi kujera da inuwa, ku fara sallamar 'yan kallo daga tsakar gida, ku ba uwa abin da hannunta zai yi. Kuma kada ku fita daga gida da alkawarin gobe.

Za ku tarar da uwar da za ta ce muku bakinta ya yi nauyi, ko yarinya ba ta isa ba tukuna, ko ai akwai alwanka. Na ji su duka. Tun daga waccan shekara har ta rasu, Zenabu ke ɗaukar mini kwando in za ni irin waɗannan gidaje. Ba ta iya dogon bayani, ni ke yi. Sai in uwa ta ce ita dai ba za ta iya ba, nan Zenabu ke matsowa ta ajiye mata matsefi a cinya. Abu ɗaya take faɗa kullum, ku riƙe shi yadda ta faɗe shi.

"Za ki iya. Ni ma na iya. Na gaya ma nawa duka, ban bar komai ba. Amma a kan tabarman wanka na gaya mishi, Mma Ladi na tsaye da likkafani."